Sauyin Yanayi: A Gaya wa Jama'a Abin da Aka Auna, Tun Kafin Su Sayi Iri

A farkon kowace shekara, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, takan fitar da kundin hasashen damina. Wanda ya taɓa buɗe shi ya san ba ƙaramin aiki aka yi ba. Akwai ranar da ake sa ran damina za ta kankama a kowace ƙaramar hukuma, da ranar da za ta ɗauke, da yawan kwanakin da ke tsakani, da milimita nawa na ruwa ake tsammani, da wuraren da ake fargabar ruwa zai tsaya a tsakiyar damina har shuka ta yi yaushi. Bayan wannan sai hukumar NIHSA mai lura da koguna ta fitar da nata na ambaliya. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai kuma takan tara masanan ƙasashen Sahel wajen watan Afrilu su fitar da na yankin baki ɗaya. Ilimin yana nan, an kuma kashe masa kuɗi. Amma abin da ke isa kunnen manomin Gumel ko na Tasawa daga duk wannan, in ma ya isa, bai wuce jimla ɗaya a labaran rediyo ba, cewa hukuma ta yi gargaɗin ambaliya a jihohi kaza. Wannan jimlar ba ta gaya masa wane iri zai saya ba, ba ta kuma gaya masa ko ya yi binne ko ya jira ruwan shuka ba.

A ganina ba ƙarancin tarukan wayar da kai ne ke damunmu ba. An yi su da yawa, an raba riguna da huluna, an dasa itace a gaban kyamara. Mutanen karkara kuwa ba sa musun cewa yanayi ya sauya, domin a gonarsu abin yake faruwa. Abin da ke damunmu abu biyu ne. Da yawa daga abin da muke faɗa bai dace da abin da masana suka auna ba. Wanda ya dace kuma yakan iso a makare, cikin sigar da ba a iya yanke shawara da ita.

Ɗauki labarin da ya fi kowane yawo a bakinmu: sauyin yanayi shi ne fari da kwararowar hamada. Wannan labarin yana da asali. Shekarun 1950 shekarun ruwa ne a Sahel, sai daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa tsakiyar shekarun 1980 ruwa ya ja baya da kusan kashi 30 cikin 100, kuma dattawanmu ba su manta da 1973 da 1984 ba. Sai dai tun daga shekarun 1990 ruwan ya dawo a wurare da dama, ko da bai kai na da ba, hotunan tauraron ɗan'adam kuma sun nuna wasu sassan sun ƙara yin kore. Abin da ya sauya ƙwarai shi ne yadda ruwan yake zuwa. Wani bincike da masana a Birtaniya suka jagoranta, wanda aka buga a 2017, ya nuna cewa manyan hadura masu tsananin ƙarfi sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Dalilin da suka bayar shi ne Sahara tana ƙara zafi fiye da ƙasashen da ke kudu da ita, wannan bambancin yana ƙarfafa iskokin da ke haɗa hadari, sai hadarin ya fi girma ya fi zubar da ruwa a lokaci guda. To, mutumin Haɗeja da ruwa ya shanye masa shinkafa a 2022, idan aka tsaya a gabansa ana cewa sauyin yanayi fari ne, yana da gaskiya in ya juya baya. Abin da ya kamata ya ji shi ne ruwan shekara zai iya cika ma'auni amma ya zubo cikin 'yan kwanaki kamar da bakin ƙwarya, ya kwashe ƙasar gona da takin da aka zuba, sannan a yi mako biyu ko uku ba ɗigo. Wannan ya san shi, zai kuma tsaya ya ji sauran maganar.

Haka batun Tafkin Cadi. Kusan duk jawabin da za a yi sai an ce ya ƙafe da kashi 90 cikin 100. Gaskiya ne cewa daga faɗin kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya tsuke ƙwarai zuwa tsakiyar shekarun 1980. Amma bai ci gaba da tsukewa har yau ba. Daga baya ya ɗan farfaɗo, yana cika yana ja da baya gwargwadon ruwan da kogin Shari da Lagon suka kawo. Masunta da manoman bakin tafkin sun san haka, kuma abin da ke wahalar da su shi ne rashin sanin inda ruwa zai tsaya a bana. Duk adadin da mai sauraro zai iya ƙaryatawa da idonsa, ya fi kyau a bar shi.

Akwai kuma wanda ya fi ɓata mini rai, wato ɗora laifin ɗumamar duniya a kan mace mai girki da itace da bafulatani mai kiwo. A shekarun 1970 wasu masana sun yi zaton yawan kiwo da sare itatuwa ne suka kori ruwa daga Sahel. Binciken da ya biyo baya daga tsakiyar shekarun 1980 ya nuna babban abin da ya jawo wancan fari shi ne sauyin ɗumin ruwan tekuna, kuma daga cikin abubuwan da ake dangantawa da shi har da ƙurar sinadarin farar wuta da masana'antun Turai da Amurka suka riƙa fitarwa, wadda ta sanyaya arewacin tekun Atilantika. Sare itace ɓarna ce, babu shakka: yana kawo zaizayar ƙasa, yana buɗe gona ga iska, yana raba gari da inuwa. Sai a faɗi wannan ɓarnar da sunanta. Amma nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa daga man fetur da kwal da gas ba. Idan aka gaya wa talaka shi ya ɗumama duniya, an yi masa ƙazafi, an kuma hana shi sanin haƙƙin da ƙasarsa ke bi a wurin waɗanda suka yi ɓarnar, haƙƙin da ya sa aka amince da kafa asusun biyan asara a taron Sham el-Shaik na Masar a 2022.

Me za a faɗa ke nan? Asalin ilimin bai da wuyar faɗa. Rana tana ɗumama ƙasa, ƙasa kuma tana mai da zafin sama. A cikin iskar da ta lulluɓe duniya akwai iskar kabon-dayoksaid da wasu 'yan uwanta waɗanda ke tare wani kaso na wannan zafin, kamar yadda bargo ke tare ɗumin jikin mai barci. Ba a ganin wannan iskar, ba ta da wari, kuma ba ita ce baƙin hayaƙin da ke fita daga salansar mota ba. Ba don ita ba da duniya ta yi sanyin da ba za a iya zama ba. Matsalar ƙaruwarta ce. Kafin zamanin masana'antu tana kusan kashi 280 cikin miliyan na iska. Lokacin da Charles Keeling ya fara aunata a kan dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958 tana wajen 315. Yanzu ta wuce 420. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya ce a tsakanin 2011 da 2020 duniya ta fi yadda take a 1850 zuwa 1900 ɗumi da kusan digiri 1.1, kuma ayyukan mutane ne sanadi. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi da aka taɓa aunawa zuwa lokacin. Sai ƙa'ida ɗaya da ya kamata kowane ɗan jarida ya haddace: duk ƙarin digiri ɗaya, iska tana iya riƙe ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin 100. Daga nan ake fahimtar yadda zafi ɗaya ke busar da gona da sauri, ya kuma sa hadari ya zubo da yawa. Batun hujewar lemar ozon kuwa wata matsala ce dabam, kuma cusa ta cikin wannan bayani, kamar yadda wasu malaman makaranta ke yi, ruɗa yara kawai yake yi.

Wajibi ne kuma a bambance abin da aka tabbatar da abin da ake kan bincikensa. Ƙaruwar zafi tabbas ce. Ƙaruwar ruwa mai ƙarfi a lokaci guda akwai hujja mai ƙarfi a kanta. Amma ko jimillar ruwan shekara za ta ƙaru ko za ta ragu nan da shekara talatin, lissafin masana bai zo ɗaya ba, duk da cewa da yawa sun fi karkata ga ƙaruwa a tsakiya da gabashin Sahel, da raguwa a can yamma wajen Senegal. Wasu masu fafutuka suna ganin faɗin wannan zai rage wa saƙon ƙarfi. Ni ban yarda ba. Manomi da rashin tabbas yake rayuwa, shi ya sa yake haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya. In aka gaya masa iyakar abin da aka sani, ya san yadda zai yi da shi.

Zafi shi ne sashen da muka fi sakaci da shi, wataƙila don mun saba cewa mu 'yan rana ne. A ranar 3 ga Afrilun 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, ana cikin azumi, ga ɗaukewar wuta. Wani babban asibitin Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 a kwana huɗu na farkon watan, yawancinsu tsofaffi. Masanan ƙungiyar World Weather Attribution, masu binciken alaƙar irin waɗannan bala'o'i da ɗumamar duniya, sun ce zafi irin wannan ba zai yiwu ba in ba don ɗumamar da mutane suka jawo ba. Saƙon da za a kai gida daga nan a bayyane yake. Zafin dare ma yana kisa, domin jikin da bai huce da dare ba yakan shiga rana ta biyu a gajiye, ɗakin kwano marar silin kuma yana riƙe zafi har bayan isha'i. Tsoho ko jariri ko mai hawan jini da aka ga ya fara ruɗewa, jikinsa ya yi zafi rau, ba zazzaɓin cizon sauro ba ne kullum. A kai shi inuwa, a rage masa kaya, a jiƙa jikinsa da ruwa ana yi masa fifita, a nufi asibiti. Gidan rediyon da zai faɗi wannan kullum daga Maris zuwa Mayu, tare da digirin da ake sa ran gobe a garin, ya yi aikin da taro goma ba su yi ba.

Yanzu ga inda aikin yake da gaske, wato damina.

Kalmar da ta fi jawo asara ita ce shigar damina, domin abin da masani ke nufi da ita dabam yake da ruwan farko. Wata ƙa'ida da masanan aikin gona suka daɗe suna amfani da ita a Sahel ta ce damina ta kankama ne idan an sami aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi fiye da kwana bakwai ba ruwa a cikin kwana talatin da suka biyo baya. Ruwan da ya sauko a farkon Mayu ya tsaya, iri ya tsiro ya ƙone, shi ne ke sa mutum ya shuka sau biyu ko uku a shekara ɗaya. Idan kundin hasashe ya ba da rana, a gaya wa mutane cewa tsakiyar zato ce, tana iya gabata ko ta jinkirta da kwanaki, kuma ruwan da ya zo makonni kafin ita abin tuhuma ne. Mai irin gida da yawa yana iya yin kasadar binne a wani sashe na gonarsa. Wanda ya sayi ingantaccen iri da tsada, ko ya ci bashinsa, ya jira.

Milimita kuma ba abin tsoro ba ce in an nuna ta. Milimita ɗaya lita ɗaya ce a kan kowace murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta. Kowane ƙauye yana iya auna nasa ruwan. Ana samun gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne, a ɗaure shi a kan turke mai tsawon kamar mita ɗaya, ya tsaya daidai ba a karkace ba, a fili, nesa da bango da itace da aƙalla ninki biyu na tsawonsu. Kowace safiya a lokaci ɗaya a tsoma rula a ga zurfin ruwan, a rubuta a littafi, a zubar. Santimita biyu ita ce milimita 20. Inda ake kuskure sananne ne: bokiti mai faɗin baki da tsukakken gindi yana nuna ruwa fiye da wanda aka yi, jinkirta dubawa har rana ta take yana sa wani kaso ya ƙafe, ajiye shi kusa da indararo kuma ɓata aikin ne baki ɗaya. A ƙasar jigawa, milimita 20 takan kai damshi kusan taƙi guda, don haka mutum yana iya tona ƙasa da hannu ya gwada abin da gwangwanin ya nuna. A Mali tun farkon shekarun 1980 hukumar yanayinsu ke raba wa manoma ma'aunin ruwa mai sauƙi tare da jadawalin lokacin shuka, suna aika abin da suka auna ana karantawa a rediyo. Mutumin da ke auna ruwan garinsa da hannunsa yakan saurari hasashe da wani irin kunne, domin ya shiga cikin aikin.

Sai sigar da hasashen damina ke zuwa da ita. Masana sukan kasa shi uku: yiwuwar ruwa ya fi na al'ada, ko ya zo daidai, ko ya gaza. A ce misali an ba da 50 da 30 da 20. Ɗan jarida yakan ɗauki na farko ya ce bana za a yi ruwa da yawa, in kuma aka yi fari sai a ce hukuma ta yi ƙarya. Abin da lissafin ke cewa shi ne, a cikin shekaru goma masu alamomi irin na bana, biyar ruwa zai fi, uku zai zo daidai, biyu zai gaza. Haka ya kamata a faɗe shi, a kuma maimaita biyun nan na ƙarshe. "Na al'ada" ma yana bukatar bayani, domin matsakaicin shekara talatin ne na wannan wurin, yanzu daga 1991 zuwa 2020. Na Maraɗi wajen milimita 500 ne, na Kaduna ya haura 1,000. Ruwan da ya fi na al'ada a Maraɗi bai sa masarar da ke bukatar wata huɗu ta dace da can ba.

Lokaci shi ne sauran rabin aikin. Shawarar iri da taki da bashi tsakanin Maris da Mayu ake yanke ta. In hasashe ya nuna damina gajera, a wannan lokacin ne ya kamata manomi ya ji cewa gero mai saurin nuna irin SOSAT, wanda ke kaiwa cikin kusan kwana 90, ya fi masa maiwa, kuma akwai masara da wake masu saurin nuna daga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru. A nan ne kuma magana take karyewa sau da yawa, domin an gaya wa mutum ya sayi irin da babu shi a kasuwar garinsu, ko akwai jabunsa. Duk shirin da zai ba da wannan shawarar ya fara binciko inda ake samun irin da farashinsa, in ba haka ba ya ƙara wa mai sauraro takaici ne kawai. Dillalan iri da na taki su ma a ba su hasashen tun Fabrairu, su ne za su yi oda.

Da damina ta shiga, hasashen shekara ya gama aikinsa, sai na kwana uku da na mako. Wanda zai zuba takin yuriya yana bukatar sanin ko ruwa mai ƙarfi na tafe cikin kwana biyu, domin a jigawa zai wanke shi, wanda kuma aka watsa a busasshiyar ƙasa ba a rufe ba rana ce za ta cinye shi. Mai feshi yana bukatar 'yan sa'o'i ba ruwa. Da kaka, wanda ya cire gyaɗa ko masara yana bukatar sanin ko ruwan ƙarshe zai dawo, domin amfanin da ya jiƙe a wurin shanya yana yin fumfuna, daga nan ne kuma gubar afulatoksin ke fitowa. Makiyayi nasa tambayoyin dabam ne, inda ciyawa ta fito da inda tafki ya cika, kuma da Fulfulde ya fi son ya ji. Matan da ke shanya kuɓewa da tumatur da barkono su ma masu sauraro ne, sai dai ba a cika sa shirin a lokacin da hannunsu ya sarara ba.

Saƙon murya na WhatsApp yana da amfani ƙwarai, amma yana da wata illa da ya kamata a toshe tun farko. Saƙon bara yakan dawo bana, na Sakkwato ya isa Bauci. Don haka kowane saƙo ya fara da ranar da aka yi shi, da sunan wuraren da ya shafa, da wanda ya fitar da shi, da ranar da zai daina aiki, duka da baki a cikin muryar, kuma kada ya wuce minti ɗaya. Bayan haka abu uku: me ake sa ran gani, yaya ƙarfin zaton yake, me mutum zai yi.

Ba za a yi wannan magana a ƙasar Hausa a tsallake addini ba. Akwai masu jin cewa hasashen ruwa shiga gaibu ne, kuma damuwarsu tana da tushe, domin ƙarshen Suratu Luƙman ya ambaci saukar da ruwa cikin abubuwan da saninsu ke wurin Allah, hadisi kuma ya yi hani ga cewa tauraro kaza ne ya ba mu ruwa. Raina wannan damuwa kuskure ne, kuma ba a bukatar hakan. Mai hasashe bai ce shi ke saukar da ruwa ba, bai kuma ce ya san tabbas ba. Yana auna ɗumin teku da tafiyar iska da damshinta ne ya faɗi abin da ya fi rinjaye, kamar yadda dattijo ke ganin dawowar shamuwa da juyawar iska daga kudu ya ce ruwa ya kusa, ba wanda ya kira shi boka. Malamai da yawa sun yi wannan bayanin, kuma ƙissar Annabi Yusuf, Alaihis Salam, ta tanadin shekarun yalwa domin shekarun fari tana bakin kowa. Abin da ya rage shi ne masana su zauna da limamai kafin damina su nuna musu yadda ake yin lissafin, su kuma daina magana kamar masu yankan shakka. "In Allah ya yarda" a bakin mai karanta hasashe ba rauni ba ne, daidai yake da abin da lissafin kansa ke cewa.

Ɗaya ɓangaren haɗarin kuma shi ne mai da sauyin yanayi mafakar masu mulki. A 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya, ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu, kuma masana sun nuna ɗumamar duniya ta ƙara wa ruwan wannan shekarar ƙarfi ƙwarai. Wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa dam ɗin Dasin Hausa da aka tsara ginawa a Adamawa domin ya tare ruwan da ake saki daga madatsar Lagdo ta Kamaru ba a kammala shi ba cikin shekaru arba'in. Lokacin da dam ɗin Alau ya ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya shanye Maiduguri, an yi ruwa mai yawa a wannan daminar, amma an taɓa ganin irin haka a 1994, kuma tambayar yadda aka kula da dam ɗin a tsakani tambaya ce da dole a yi ta. Duk ambaliya tana da ƙafa uku: ruwan da ya sauko, da inda mutane suka yi gini da halin da magudanai da madatsai suke ciki, da ko gargaɗi ya isa a kan kari. Sauyin yanayi ta farko kawai ya taɓa. Ɗan jaridar da ya tsaya a kanta ya wanke wanda ya sayar da fili a hanyar ruwa da wanda ya karɓi kuɗin gyara bai yi ba.

Gargaɗin ambaliya kuma ba ya aiki sai an ɗaure shi da alama da mutum da wuri. Ruwan da aka saki daga Lagdo yana ɗaukar kwanaki kafin ya bi Binuwai daga Yola ya kai Makurɗi da Lakwaja, wato akwai lokaci. Abin da ake bukata a kowane gari na bakin kogi shi ne fenti a jikin ƙafar gada ko wani turke, rawaya a matakin da za a fara kwashe hatsi da dabbobi, ja a matakin da za a fita, da sanin wanda zai duba shi safe da yamma, da wanda zai sanar ta lasifikar masallaci, da tudun da kowace unguwa za ta nufa. Mutane sukan ƙi tashi ne don tsoron sata da rashin sanin inda za su, ba don taurin kai ba, saboda haka sanarwar ta haɗa da wanda zai tsare gidaje.

Akwai labari mai kyau da ya kamata ya fi yawo fiye da yadda yake yi. A jihohin Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, manoma suka koma barin kututtukan da ke tohowa a gonakinsu maimakon sassabe su: a zaɓi rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a kare su daga dabbobi. Sassabin zamani suke ce masa. An ƙiyasta ya dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a faɗin hekta miliyan 5, gawo ne kan gaba a wurare da dama, shi da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki. Abin da ya yaɗa shi manomi ne yake ganin gonar maƙwabcinsa, da kuma tabbacin cewa itacen da ya raina nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba. Mota ɗaya da za ta kai manoman Ɗaura ko Maigatari su gani da idonsu a tsallaken iyaka ta fi dubban takardun da ake bugawa tasiri.

Abu ɗaya da kusan ba a yinsa, kuma shi ne zai gina amana, shi ne komawa bayan kaka. A watan Nuwamba, gidan rediyon da ya karanta hasashe a Maris ya gayyato jami'in yanayi da malamin gona da masu riƙe da littattafan gwangwani na ƙauyuka, a ajiye abin da aka ce kusa da abin da ya faru, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma: an ce ruwa zai kankama ranar kaza, ya kankama ranar kaza, an ce za a yi tsayawar ruwa a Yuli, an yi ko ba a yi ba. Inda aka kuskure a faɗi dalili. Sau da yawa dalilin shi ne tashar aune-aune mafi kusa tana da nisan kilomita masu yawa, ruwan Sahel kuwa yana iya sauka a wannan ƙauyen ya tsallake na gaba. Littattafan nan na manoma su ne za su cike giɓin, don haka a kwafe su a miƙa wa NiMet ko hukumar yanayi ta Nijar kafin a fara lissafin shekara mai zuwa, a kuma sa kuɗin wannan zaman da na lokacin rediyo cikin kasafin ma'aikatar gona ta jiha tun daga Janairu.